Mastar a biyoteknoloji: abin da ya kamata hannunka ya iya kafin ranar kare memuwar

Wanda zai ɗauki mai mastar a biyoteknoloji, wato ilimin amfani da halittu masu rai da ƙwayoyin gadonsu a noma, lafiya da abinci, aiki a labo tambayarsa ɗaya ce: in an miƙa maka ganyen wake, ko ɗigon jini, ko tiyar gyaɗa, za ka iya kai shi har ga sakamakon da za a dogara da shi, kai kaɗai? Mastar a tsarin LMD (lisans, mastar, dakta) da jami'o'in Nijar suke bi shekara 2 ce, zango 4, kiredi 120. Zango 3 na farko yawancinsu aji ne da jarrabawa, aikin hannu na gaske sai a zangon ƙarshe, lokacin sitaj da rubuta memuwar. Wannan lokaci ya yi kaɗan, shi ya sa ɗalibin da ya gama lisans a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, ko a Maraɗi ko Yamai, ya kamata ya shiga da lissafin abin da zai fito da shi tun ranar farko.

Zaɓen labo da zaɓen batu

Kafin ka dubi sunan jami'a, dubi labon da za ka yi sitaj a cikinsa. Ka je da ƙafarka ko ka aiki wanda ka yarda da shi, a duba abu huɗu: injin PCR, mai ninka guntun ƙwayar gado don a iya ganinsa, yana aiki ko yana rufe da ƙyalle, firizar da ke riƙe sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri tana da gurup ko batirin sola a bayanta, akwai injin tace ruwa, sannan ɗaliban bara sun taɓa na'urorin da hannunsu ko kallo kawai suka yi. A cikin ƙasa wuraren da ake nema su ne INRAN da cibiyar ICRISAT ta Sadore ga mai son tsirrai, CERMES a Yamai ga mai son cututtukan ɗan Adam, LABOCEL ga cututtukan bisashe, LANSPEX ga gwajin ingancin abinci, ruwa da magani. A waje akwai Jami'ar Joseph Ki-Zerbo ta Wagadugu, da CERAAS a Thiès ta Senegal, da WACCI a Ghana, ga kuma Kano kusa da mu, inda IITA take da tasha, Jami'ar Bayero kuma take da cibiyar noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa.

Batun bincike ya fito daga abin da ke damun mutanen jiha, domin shi ne za ka samu samfurinsa cikin sauƙi, shi ne kuma wani zai biya kuɗi a kansa gobe. Ƙuduji a gonakin wake. Guba mai suna aflatoksin a gyaɗar Matamaye da Magariya. Sanƙarau, wanda ya ɓarke a jihar Damagaram daga Nuwamba 2022 zuwa farkon 2023, yawancinsa nau'in C. Jurewar ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ga maganin rigakafin damina da ake ba yara. Dabinon Gidimuni da na kwarurrukan Gure. Daddawar batso da ƙwayoyin Bacillus da suke ruɓar da ita. Kowane ɗaya ya isa mastar, in an tsuke shi. «Nazarin ƙwayoyin halittar wake a Nijar» ba batu ba ne. «Cikin irin wake 40 da aka tattaro daga kasuwannin Mirriya da Dungas, waɗanne ne ke ɗauke da alamar jure ƙuduji a ƙwayar gadonsu, kuma alamar ta dace da abin da aka gani in an shuka su a tukunya?» wannan batu ne, yana da farko yana da ƙarshe.

Sai kalanda. Damina ɗaya tak ke cikin lokacin sitaj. In gwajinka na gona ne, shuka ƙarshen Yuni ko Yuli, girbi Satumba zuwa Oktoba, wanda ya rasa ta ya rasa shekara. Kada ka yarda da batun da ke buƙatar haɗa iri biyu a bi jikokinsu zuriya huɗu ko biyar, wannan aikin dakta ne. Sinadaran da za a sayo daga waje a yi odarsu wata 3 kafin ranar buƙata, ko fiye.

Pipet, lissafi da littafi

Galibin gwajin da ke lalacewa a hannun sabon ɗalibi daga pipet, na'urar ɗiban ruwa ɗan kaɗan da awo, yake lalacewa. Gwada kanka haka: ɗora ƙaramin kofi a kan ma'aunin da ke karanta miligiram, maida shi sifiri, ɗebi mikrolita (µL) 100 na tataccen ruwa ka zuba. Mikrolita 1 na ruwa miligiram 1 ne, don haka ma'auni ya nuna giram 0.100. Maimaita sau 10. In lambobin suna watsewa, hannunka ne. In duka sun karkata gefe ɗaya, pipet ɗin ke buƙatar saiti. Ana danna maɓalli zuwa tsayawar farko a ɗebo, a danna zuwa ta biyu a fitar. A riƙe shi a tsaye, a saki babban yatsa a hankali, a canza baki ga kowane samfuri. Kada a auna µL 2 da pipet na µL 200.

Lissafin tsarma ruwa, C1V1 = C2V2, inda C ke nufin ƙarfi V kuma yawa, ya zauna maka a ka har ka yi shi ba takarda. Kana son mL 100 na alkol mai ƙarfin kashi 70 daga na kashi 96: ɗebi mL 73, cika da ruwa zuwa 100. Littafin labo kuwa ɗinkakke ne, ana rubutu da biro, da kwanan wata, da lambar kowace kwalbar sinadari, da abin da aka yi a zahiri ko da ya saɓa wa takardar tsari. Ba a yage shafi. Kowane tib a rubuta masa lamba da alƙalamin da alkol ba ya gogewa, a murfi da kuma a jiki.

Ka girmama teknisiyan ɗin labo kamar yadda kake girmama Farfesa. Shi ya san wace santirifij, injin da ke juya tib da sauri don raba abin da ke ciki, ce ke rawa in an wuce wani gudu, da wane sashe na firiza ne ba ya daskarewa.

Fitar da ADN daga ganye

ADN, sinadarin da ke ɗauke da gadon kowace halitta, wanda takardun Ingilishi ke rubutawa DNA, shi ne tushen sauran aikin. Akwai akwatunan sinadari na kamfani masu sauƙi, amma suna da tsada kuma suna ƙarewa. Wanda ya iya hanyar CTAB, wani sinadari mai kama da sabulu da ke fasa ƙwayoyin ganye, ba ya zama jiran kowa.

A ɗebo ganye ɗanye shataf, na sati 2 zuwa 3 bayan tsiro, da sassafe. Tsohon ganye cike yake da sinadaran da ke hana PCR tafiya. In gona tana nesa, misali daga Tanut ko Gure, kada a sa ganye a leda a rufe, kafin a iso gari ya dahu. A sa shi a ambulan na takarda cikin leda mai zik tare da tsakuwar silika, nauyinta ya ninka na ganyen sau 10, ya bushe cikin yini ɗaya ko biyu. Busasshen ganye irin wannan yana jure watanni ba firigo.

Ruwan fitarwa ya ƙunshi CTAB kashi 2 cikin 100, Tris-HCl 100 mM mai pH 8, EDTA 20 mM, gishirin NaCl 1.4 M, da PVP kashi 1 zuwa 2. Ana ƙara beta-merkaptoetanol kashi 0.2 a ranar aiki, ba a ajiye shi a haɗe. A niƙa miligiram 50 zuwa 100 na ɗanyen ganye, ko 20 na busasshe, har ya zama gari. Inda babu ruwan azot, ɗan yashi da aka wanke aka dafa a otoklab, tukunyar kashe ƙwayoyi da tururi, yana taimakawa a turmin labo. A zuba µL 700 na ruwan fitarwa mai ɗumi, a ajiye a digiri 65 na minti 30 zuwa 60, ana juya tib kowane minti 10. A bari ya huce. A ƙara kloroform da alkol izoamil, 24 ga 1, daidai yawan abin da ke cikin tib, a juya a hankali sama da ƙasa, a sa a santirifij, juyi 12,000 a minti, na minti 10. Zai rabu uku. Ruwan sama kaɗai ake so. A nan ake kwaɗayi a ɓata aiki: gara ka bar µL 100 a baya da bakin pipet ya taɓa farin dattin tsakiya. A ƙara izopropanol mai sanyi, kashi biyu cikin uku na yawan ruwan da aka kwaso, a sa a firiza minti 30, a sake juyawa minti 10. Ɗan farin ƙulli zai kwanta a gindi. A wanke shi da alkol 70, a shanya minti 15 zuwa 20, a narkar da shi a µL 50 zuwa 100 na TE, ruwan Tris da EDTA na ajiyar ADN, a sa masa RNase, sinadarin da ke cinye ARN, ɗan'uwan ADN da ba a so a nan.

Kloroform da merkaptoetanol ana buɗe su ne a ƙarƙashin akwatin zuƙe iska, da safar hannu. Sharar su a kwalba ta daban, ba a zuba ta a makwarara.

Yanzu karanta abin da ka samu. Ƙulli mai ruwan ƙasa ko ja alamar fenol ɗin ganye ne, a ƙara PVP ko a nemi ƙaramin ganye. In yana yauƙi yana ƙin shiga pipet, sukarin tsiro ne, a ƙara gishiri a sake kwantar da shi. In ya ƙi narkewa, an shanya shi fiye da kima, abin da ke saurin faruwa a busasshiyar iskar hunturu. A na'urar awon haske, rabon hasken da ruwan ya sha a nanomita 260 da 280 ya kai wajen 1.8. Ƙasa da 1.7 akwai furotin ko fenol, sama da 2.0 akwai ARN da ya rage. Rabon 260 da 230 ya kusanci 2.0. Kada ka tsaya ga lambobi kaɗai, ɗora µL 3 a jel na agaroz kashi 0.8, daskararren abu da lantarki ke raba ADN a cikinsa bisa tsawo: ADN mai lafiya layi ɗaya ne mai kauri a sama, wanda ya kakkarye kuwa shafe yake tun daga sama har ƙasa.

PCR da karatun jel

Kary Mullis ya ƙirƙiro PCR a 1983, ya karɓi kyautar Nobel a 1993. Aikinta ninka ɗan guntun ADN da ka zaɓa sau miliyoyi har ido ya gan shi. Haɗin µL 25 na yau da kullum: µL 2.5 na ruwan da ke zuwa tare da Taq (sinadarin da ke yin kwafin) mai ƙarfi ninki 10, MgCl2 1.5 mM, dNTP, wato tubalan gina ADN, 0.2 mM kowanne, amors biyu wato gajerun guntayen da ke nuna inda kwafi zai fara 0.2 zuwa 0.4 µM kowanne, Taq yunit 1, ADN nanogiram 20 zuwa 50, a cika da tataccen ruwa. Ba a auna wa kowane tib daban. In samfuri 20 ne, a haɗa na 24 a tib guda, a rarraba, sannan a sa ADN a ƙarshe. Duk aikin a kan ƙanƙara ake yi.

Injin yana farawa da digiri 94 na minti 3 zuwa 5, sai zagaye 30 zuwa 35: digiri 94 daƙiƙa 30, wajen digiri 55 daƙiƙa 30, digiri 72 minti 1 ga kowane tushe 1,000, wato haruffan ADN, na tsawon guntun. A rufe da digiri 72 na minti 5 zuwa 10. Lambar tsakiyar ita ke canzawa da irin amors, galibi digiri 3 zuwa 5 ƙasa da zafin narkewarsu.

Kowane gudu yana tafiya da shaidu biyu. Tib ɗaya ruwa ne a madadin ADN, dole ya fito wayam. Ɗaya kuma ADN ne da aka riga aka san yana bada layi. Sakamakon da ba shi da waɗannan biyun ba ya shiga memuwar, komai kyan hotonsa, kuma alƙalin da ya san aikinsa su zai fara tambaya ranar kariya.

Jel na kashi 1.5: giram 1.5 na agaroz a mL 100 na TAE, ruwan da jel ke aiki a cikinsa, a tafasa har ya washe, a bari ya sauko wajen digiri 55 kafin a zuba. Ramukan suna ɓangaren baƙar waya, domin ADN yana gudu ne zuwa jar waya. Volt 5 ga kowace santimita tsakanin wayoyin biyu ya isa, in an ƙara don sauri jel ya yi zafi layuka su lanƙwashe. A sa ma'aunin tsawo na tushe 100 a ramin farko. In labon yana amfani da bromir etidiyom, rinin da ke sa ADN ya haska, a ware masa teburinsa da safar hannunsa, a kuma kare ido da fuska daga hasken UV.

Ga yadda ake bin sawun matsala. Babu layi ko'ina har da shaidar da aka sani: wani abu ya ɓace a haɗin, ko Taq ya mutu. Shaidar ta fito, samfura ba su fito ba: ADN ɗinka ne ke da datti, tsarma shi sau 10 ka sake, sau da yawa wannan kaɗai ya wadatar. Layuka barkatai: ɗaga zafin tsakiya da digiri 2, ko rage magneziyom. Ɗan haske can ƙasa da tushe 100: amors ne suka manne wa juna, ba sakamako ba ne. Layi a tib ɗin ruwa: gurɓata ta shigo, a zubar da ruwan da duk abin da aka buɗe ranar, a goge tebur da pipet da ruwan javel da aka tsarma, a fara sabo. Maganin gurɓata shi ne raba wuri: inda ake haɗawa daban, inda ake buɗe tib bayan PCR daban, pipet ɗin can ba ya dawowa nan.

Misalin wake ya nuna inda hankali ke shiga. Nau'in ƙuduji da ake kira SG3 yana addabar wake a Nijar da arewacin Najeriya. Wani wake ɗan Botswana mai suna B301 yana jure masa, daga gare shi aka samo iri kamar IT97K-499-35. Wata alamar ADN mai suna SSR1 tana bada layi na tushe 150 ga waken da ya gaji wannan juriya. Amma rashin layi yana da fassara biyu: ko waken ba shi da juriyar, ko PCR ɗin ce ta gaza. Don haka kowane samfurin da ya fito wayam sai an gwada shi da wata alama da ke fitowa a kowane wake. Sannan a tabbatar a tukunya, da ƙasar da aka cakuɗa da irin ƙuduji, a wanke saiwa bayan sati 8 zuwa 10 a ƙirga abin da ya manne. Ɗalibin da ya haɗa jel da tukunya ya koyi zaɓen iri da alama, kuma wannan sana'a ce da masu samar da iri ke nema.

Zafi, ƙura da wuta

Takardun tsari da ake saukewa daga intanet an rubuta su ne a ɗakunan da zafinsu bai wuce digiri 22 ba. A Damagaram, Afrilu da Mayu suna haura 40. In takarda ta ce a bari a zafin ɗaki, nufinta 20 zuwa 25, sai ka nemi ɗaki mai na'urar sanyaya iska. Akwatin renon ƙwayoyi na yau da kullum ɗumamawa kawai yake yi, ba ya sanyayawa, don haka a bazara ba zai riƙe digiri 28 da naman gwari ko Bradyrhizobium na saiwar wake ke so ba. Alkol da kloroform suna tashi da sauri, a rufe kwalba nan take.

Ɗaukewar wuta tana kashe sinadari a hankali, ta hanyar narkewa da daskarewa. Ranar da Taq, dNTP da amors suka iso, a rarraba su ƙananan tib na aikin sati ɗaya ɗaya, a riƙa fitar da guda. A cika gurbin firiza da robobin ruwa daskararru, su ke riƙe sanyi in wuta ta tafi, kuma ba a buɗe ƙofa sai ta dawo. Wata dabara mai arha: a daskarar da ruwa rabin tib, a ajiye shi a kife. In an tarar ƙanƙarar ta koma ƙasa, firiza ta narke da dare. Injin PCR ya kasance a bayan ondilar mai ɗaukar awa 2 zuwa 3. Inda kuɗi ya isa, a sayi busasshen haɗin PCR da ba ya buƙatar sanyi a hanya, domin daga Yamai kusan kilomita 900 ne. Samfurin jini kuwa a ɗiga shi a takardar tacewa, ya bushe a inuwa awa 3 zuwa 4, kowanne a ledarsa da silika.

Ƙurar hunturu tana ɗauke da ƙwayoyin naman gwari. Daga Disamba zuwa Fabrairu a toshe ƙasan ƙofa, a goge tebur da jiƙaƙƙen tsumma, shara da tsintsiya a cikin labo haramun ce.

Ƙwayoyin abinci da renon tsiro a kwalba

Mai son ɓangaren abinci ya ƙware a ƙirga ƙwayoyi. Giram 10 na kilishi ko fura a mL 90 na ruwan tsarmawa, daga nan mL 1 cikin 9, a yi ta bi har sau 5 ko 6, a shimfiɗa a faranti, a ƙirga faranti mai ɗigo 30 zuwa 300 kaɗai. Abincin ƙwayoyin a dafa shi a otoklab, digiri 121 na minti 15 zuwa 20, lissafin minti yana farawa ne bayan zafi ya kai. Don sanin sunan ƙwayar da ka ware, ana ninka guntun ADN mai suna 16S da amors 27F da 1492R, wajen tushe 1,500, ga naman gwari kuma ITS1 da ITS4.

A gwajin aflatoksin, kuskure mafi girma yana wurin ɗiba. Gubar da Aspergillus flavus ke yi tana taruwa ne a ƴan ƙwayoyi kaɗan cikin buhu, tafi ɗaya daga bakin buhu ba ya nuna komai. A ɗebo daga sama, tsakiya da ƙasa na buhuna da yawa, a haɗa kilo da dama, a niƙe duka, a gauraya, sannan a auni abin da takardar gwajin ta ce, yawanci a jiƙa shi a metanol 70. Tarayyar Turai ba ta karɓar gyaɗar ci da ta wuce mikrogiram 4 a kilo, ma'aunin Codex na gyaɗar da za a sake sarrafawa 15 ne.

Renon tsiro a kwalba ya dace da dabino, rake da rogo. Dabino mace da namiji daban suke, wanda ya shuka ƙwallo sai ya jira shekaru kafin ya san me ya samu, ƴaƴan gindi kuma ba su da yawa. Abincin MS na Murashige da Skoog, na 1962: giram 4.4 a lita, sukari giram 30, agar giram 8, pH 5.8. A tsoma tsiron a alkol 70 na minti 1, a javel mai ƙarfin kashi 1 zuwa 2 na minti 10 zuwa 15, a ɗauraye sau 3 da dafaffen ruwa. Ɗakin reno digiri 25, haske awa 16. Dabino yana baƙanta abincinsa, ana sa garin gawayin labo a rage hakan, kuma yana cin lokaci fiye da wa'adin sitaj, don haka ɗalibi ya koyi hannu da rogo ko dankali. Wurin da aka fi asara shi ne fitarwa daga kwalba: tsiron da ya girma cikin laima yana mutuwa cikin awoyi a iskarmu. A rufe shi da leda a inuwa, a riƙa buɗewa kaɗan kaɗan tsawon sati 2 zuwa 4.

Lissafi, kwamfuta da izini

Tsarin gwaji ana zana shi kafin shuka. Maimaici 3 ko 4, a rarraba da ƙuri'a a cikin kowane sashe na gona. Ganye 10 daga tsiro ɗaya maimaici ɗaya ne. Koyi R, manhajar lissafin bayanai, tun shekarar farko, kyauta ne. In jerin ADN ya dawo daga inda aka aika a karanta shi, buɗe zanen ka duba da ido, yanke farko da ƙarshe inda tsaunukan suka cakuɗe, sannan ka sa a BLAST na NCBI, shafin da ke kwatanta shi da jerin da aka sani, ka zana bishiyar dangantaka da manhajar MEGA. Ka saba da karanta Ingilishi, kusan duk takardun fannin da shi ake buga su. Bayananka su zauna wuri uku.

Samfurin ɗan Adam ba a taɓa shi sai da yardar kwamitin ɗa'a na ƙasa kan binciken lafiya, da yardar mai jinin ko iyayensa bayan an yi musu bayani da Hausa ko Barbarci ko Fulatanci, yaren da suke ji. Sunan majiyyaci ba ya hawa tib, lamba ce ke hawa. Fitar da iri ko ƙwaya zuwa waje yana ƙarƙashin yarjejeniyar Nagoya ta 2010, sai da takarda. Halittun da aka sauya wa ƙwayar gado suna ƙarƙashin yarjejeniyar Cartagena da dokar ƙasa. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin Najeriya ta saki waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar Maruca a 2019, iri kuma ba ya tsayawa a iyaka tsakanin kasuwannin Daura da Magariya. Wanda ya iya gano irin wannan wake da PCR ko da takardar gwaji yana da abin da hukumomin iri da na iyaka ke buƙata.

Bayan digiri

Kujerun da ke ɗauke da sunan biyoteknoloji tsantsa kaɗan ne a ƙasar nan, gara a san haka tun da wuri. Abin da ake samu ya danganta da abin da aka iya. Mai PCR da tsabtar aiki yana shiga labon sa ido kan annoba, ko aikin injin GeneXpert na tarin fuka, ko gwajin cututtukan awaki da tumaki irin PPR, wadda duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar kawar da ita. A asibiti wasu kujeru suna buƙatar takardar ma'aikacin lafiya ban da mastar, a bincika wannan kafin a zaɓi reshe. Mai ilimin iri yana zuwa cibiyoyin bincike, kamfanonin iri da ayyukan raya karkara. Mai ƙwayoyin abinci yana iya riƙe ingancin masana'antar nono, ruwan leda ko garin kunun yara, ko ya buɗe tasa: madarar da aka dafa zuwa digiri 85, aka sauke zuwa 43, aka sa mata ƙwayoyin yawur masu tsabta, tana kamawa cikin awa 4 zuwa 6 a pH 4.6, kullum ɗanɗano ɗaya, abin da masu yi da ka ba sa iya lamuncewa.

Koyarwa da bincike a jami'a sai da dakta, ƙarin girma kuma ta hannun CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka da Madagaskar, yake bi, da yawan takardun da aka buga. Mai wannan niyya ya zaɓi mastar ta bincike, ya fitar da takarda ɗaya daga memuwar ɗinsa a mujallar da masana ke tantancewa, ya guji waɗanda ke karɓar kuɗi su buga cikin sati. Da wannan takarda ake neman tallafin karatu na hukumomi irin ANAB, DAAD ko TWAS, mata kuma suna da OWSD.

A takardar neman aiki kada ka rubuta «na san biyoteknoloji». Rubuta hanyar da ka yi, a kan wane samfuri, guda nawa, da wace na'ura, ka haɗa hoton jel ɗinka mai shaidu biyu da sunan malamin da zai tsaya maka. Kafin ka bar labo, ajiye ƙwayoyin da ka ware a gliserol kashi 20, tib 3 ga kowace, a firiza mafi sanyi da ke akwai, ADN a TE, iri a ambulan da silika, ka miƙa wa malaminka jerin lambobinsu da kwafin littafinka, domin a kansu za ka ɗora aikin dakta, kai ko ɗalibin da zai biyo bayanka.